Ƙirgin Jar Saniyar Baffa

Assalamu alaikum Edita da masu karatu. A shekarun da aka canza mana kuɗi daga fam zuwa naira, ni sabon ango ne a cikin garin Daura, ina da teburin kayan koli a bakin kasuwa: allura, zare, madubi, turare, batir da fitilar hannu. Ba ni da arziki, amma gidanmu ba ya kwana da yunwa. Abin da Allah ya ba ni da yawa shi ne buri, da kunnen sauraron hirar direbobi. Kuɗin fetur ya fara shigowa ƙasa a lokacin, duk wanda ya dawo daga Kurmi, wato kudancin ƙasar nan, sai ya zauna a bencina ya ce can mutane sun samu kuɗi, nama suke ci safe da yamma, wanda ya kai sa guda zai dawo da kuɗin biyu. Ina jin haka sai teburina ya fara yi mini ƙanƙanta. Na riƙa ganin kaina da babbar mota an rubuta sunana a goshinta. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, takan dube ni ta ce ita dai ba ta taɓa ganin wanda ya gaji da cinikin allura tun bai iya saka mata zare ba sai ni.

Kafin in ci gaba dole in gaya muku wane ne Baffa. Bafulatani ne makiyayi, rugarsa tana wajen garin Babban Mutum, kuma aminin marigayi mahaifina ne. Ba mu haɗa jini ba, amma da Baffa muka buɗe ido muna kiransa. Tun mahaifina yana saurayi gobara ta cinye masa rumbu da ɗaki, ya rasa inda zai kama. Baffa bai tambaye shi komai ba, sai kawai ya janyo karsana daga garkensa ya ce ta zama habbanaye. Wannan al'adarsu ce: in ɗan'uwa ya faɗi, sai a ba shi aron karsana ya riƙe, 'ya'yan da ta haifa nasa ne, daga baya uwar ta koma wa mai ita. Duk 'yan shanun da muka gada daga wannan karsana suka fito, kuma a garken Baffa suke kiwo, da tsagar gidanmu a kunnen hagu. Da mahaifina ya kwanta ciwon ajali ya kira ni ya ce in riƙe Baffa. Ya ce mutumin nan filako gare shi, ko yunwa za ta kashe shi ba zai buɗe baki ya roƙa ba, don haka ranar da na ga yana da bukata kada in jira bakinsa. Na ce to, kamar yadda yara ke cewa to.

Bayan rasuwarsa da 'yan shekaru na yanke shawara. Na sayar da teburin da kayansa, na sayar da gonar da na gada ta hanyar Sandamu, na je kasuwar Mai'adua na sayo 'yan bijimai, na haɗa da na gado na kora su rugar Baffa. Shirina shi ne su ci damina ɗaya su yi ƙiba, da kaka in loda su a mota sai Kurmi. Baffa ya zagaya su yana shafa bayansu. Sannan ya ce daminar bara ba ta ƙoshi ba, ciyawa ta yi wuyar samu, da na shawarce shi da ya ce in sayi rabi in riƙe gonar. Na yi dariya na ce Baffa zamani ya canza, yanzu mai jinkiri shi ake bari a tasha. Bai musa mini ba. Ya karɓa, domin ba zai iya mayar da ɗan amininsa da dabba a hannu ba.

Wannan ita ce shekarar farin da duk wanda ya gan ta ba ya son tuna ta. Ruwa ya zo sau kaɗan ya ɗauke, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Makiyaya suka gangaro daga Nijar da abin da ya rage musu, ɗan abin da ke ƙasa aka cinye shi tun kafin rani ya raba. Aka hau gawo ana sare rassa, har itatuwa suka koma kamar an yi musu aski. Na ga saniya tana jan jinkar ɗaki tana ci, na ga wata tana tauna tsumma. Na so in sayar, amma wa zai saya? Kowa sayarwa yake yi, kuma shanun sun rame yadda ko an ɗora su a mota ba za su kai Zariya da rai ba. Na sayi dusa da angurya har abin hannuna ya ƙare, amma kamar ban zuba komai ba.

Daga nan Baffa ya fara zuwa gidanmu da ƙiraga, wato fatun shanu da aka feɗe aka shanya. A al'adarsu, in dabbar amana ta mutu a hannun makiyayi, ba ya aiko da saƙon baki. Zai feɗe ta da kunnuwanta a jiki, ya kawo wa mai ita ƙirgin ya ga tsagar gidansa da idonsa. Baffa bai bar ko ɗaya ta yi mushe ba; in ya ga saniya ta kwanta ta kasa tashi sai ya sa mata wuƙa, ya rabar da ɗan naman, ya shanya fatar a inuwa. Da fari a kan jaki yake kawowa, da jakin ya mutu sai ya koma ɗaukowa a ka, dattijo mai furfura, tun daga Babban Mutum. Yakan shimfiɗa a zaure, ya kama kunnen ya nuna mini, ya ce Allah ya mayar da alheri. Na ce masa don Allah ya daina wahalar da kansa, na yarda da shi ko bai kawo komai ba. Ya ce ba don rashin yarda ba ne, haka suka yi da mahaifina, amana ba ta sauka daga wuyan mutum sai idon mai ita ya gani. Haka ya yi ta zuwa har ranar da ya kawo na ƙarshe, ba ni da ko maraƙi a duniya.

Ba zan ɓoye muku ba, na karaya. Babu tebur, babu gona, babu shanu, ga maiɗakina da ciki. Na daina fita sai masallaci, domin abokan da nake yi wa burga sun laƙa mini Alhaji mai garke, in na wuce sai wani ya tambaye ni yaushe motar za ta tashi. Inna ce ta riƙe gidan da ƙosai da koko. Ƙiragan kuwa suna jibge a ɗakin zaure, ba na iya kallonsu, ba na kuma iya zubarwa. Da zafi ya tsananta sai warinsu ya cika gida, maiɗakina ba ta iya riƙe ko ruwa a cikinta. Wata safiya ta tare ni da ladabinta ta ce Malam, ita ba ta taɓa yi mini gorin abin da ya faru ba kuma ba za ta yi ba, amma gidan nan ba zai ɗauke su su biyu ba, ko ita ko fatun. Na ari amalanke na loda su, niyyata in kai wa majema su karɓa ko kyauta ne, in huta.

A bakin tasha wani mutum mai farar riga ya tsayar da ni. Daga Kano ya zo, wakilin masu sayen fata ne. Ya tambaye ni yanka ne ko mushe, na ce yanka. Ya sauke ɗaya ya duba wuya, ya ɗaga ta a rana yana neman inda wuƙa ta huda, bai samu ba. Ya saye su duka nan take, da farashin da ya sa na zaci ba'a yake yi mini. Ya ce masana'antun takalma sun buɗe, jiragen ruwa kuma suna jira, ko nawa na samu irin waɗannan zai ɗauka. Ya tambaye ni ko na san rugage. Na ce masa na san su sarai. Abin da na fito in zubar shi ne ya zama jarina.

Baffa na fara gaya wa, ya yi murna har ya riƙe hannuna da hannu biyu. Shi ya bi rugage da ƙafarsa yana gaya wa makiyaya su kai fatunsu wurin ɗan amininsa, ba zai danne musu sikeli ba. Da wannan shaida tasa na tashi. Na fara da keke ina bin kasuwanni, Mai'adua, Babban Mutum, Sandamu, ban daɗe ba na sayi babur, na kama shago kusa da tasha, na yi wa ɗakin Inna rufin kwano. Masu kirana Alhaji mai garke suka koma gaishe ni da gaske. Sai dai akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau. Ranar da aka fita roƙon ruwa a bazarar da ta biyo, ina cikin sahu hannuna a sama, na kama zuciyata tana tambaya: in ruwa ya sauka shanu suka daina mutuwa, ina zan samu kaya? Na ji kunyar Allah, na yi istigfari, amma ina komowa shago na wuce na buɗe. Duk ƙirgin da ya hau sikelina dukiyar wani ce ta ƙare, na sani, sai na koya wa idona kallon allurar sikeli maimakon fuskar mai kaya.

A wannan tsakanin garken Baffa na kansa ya ƙare. 'Ya'yansa maza suka tafi birni neman aikin gadi da leburanci a wuraren gine-gine, domin lokacin ko'ina gini ake yi. Ya rage shi da matarsa da wata jar saniya tsohuwa wadda ta daina haihuwa, jikar karsanar nan da ya ba mahaifina aro. Sai ya fara zuwa gidanmu hannu wofi, babu ƙirgi, babu dalili. Yakan zauna a zaure ya sha fura, ya tambayi lafiyar Inna, ya ɗauki jaririnmu ya yi masa wasa. Da aka yi ruwan farko ya zo, muna zaune yana kallon ƙofa, ya ce, “Ɗana, ciyawa ta fara tsirowa a fadama, kyakkyawa, sai dai bana babu bakin da zai ci ta.” Ya faɗa sau ɗaya, ya kawo wata hira. Na ce ai haka ne Baffa, Allah ya kyauta. Na ba shi sabuwar riga da goro da sukari, na cusa masa kuɗin mota a aljihu. Bayan ya tafi na tarar da kuɗin a ƙarƙashin tabarma.

Inna tana bayan ƙofa ta ji komai. Ta kira ni ciki ta ce in zauna. Ta ce Bafulatanin da ya ce ciyawa ba ta da mai ci, ya kai iyakar roƙon da bakinsa zai iya, in ina jiran fiye da haka to zan jira har abada. Ta tuna mini maganar mahaifina. Na ce Inna na gane, amma ta duba: shanu sun yi tsada yanzu tunda kaɗan suka tsira, kuma duk abin da na zuba a fata yana juyawa cikin mako. Ta bari in ƙara juyawa, da kaka farashi ya sauka in sayo wa Baffa ba ɗaya ba, garke guda zan haɗa masa ya ji daɗi. Har ga Allah abin da na yi niyya ke nan, ba rowa ba ce, ko kuma haka na gaya wa kaina. Inna ta dube ni ta ce Baffa bai ba ubana garke ba, guda ɗaya ya ba shi, amma a ranar da yake bukata ya ba shi. Na ce in sha Allahu, na tashi na tafi shago. Baffa ya ƙara zuwa bayan haka, ya sha fura, bai sake ambaton ciyawa ba.

Abin da ban sani ba shi ne dabbar da ta sha yunwa, sanyin ruwan farko da ɗanyar ciyawa su ke ƙarasa ta. Wata ranar kasuwa shagona ya cika, masu kaya sun yi layi, kaina a duƙe ina auna wannan ina jefa wancan gefe. Sai aka ɗora wani jan ƙirgi a kan sikeli, an naɗe shi tsaf, da kunnuwansa a jiki. Masu sayarwa ba sa barin kunne, don haka hannuna ya tsaya. Na juya kunnen na ga tsagar rugar Baffa. Na ɗaga kai, ga shi tsaye cikin layi, da sandarsa a kafaɗa da rigar da na ba shi. Na zabura na ce Baffa ya shigo ciki ya zauna, me ya kawo shi layi? Ya ce yau ba gaisuwa ya zo ba, ciniki ya zo, in auna. Ya ce ya feɗe ta da kunnen saboda hannunsa ya saba, sai da ya gama ya tuna wannan karon babu wanda zai kai wa ya nuna, tasa ce.

Na ɗebo kuɗi ban duba ba na miƙa masa. Bai karɓa ba. Ya juya ya tambayi wanda ke bayansa nawa ake sayen irin wannan yau, mutumin ya faɗa, Baffa ya zari daidai haka ya tura mini sauran. Ya ce kuɗin mota kawai yake nema, babban ɗansa ya samo masa gadin wani gini a Kano, matarsa ta riga ta koma wurin danginta. Na fito daga bayan sikeli na riƙe hannun rigarsa a gaban mutane, na ce Baffa don girman Allah ya dakata, cikin makon nan zan je Mai'adua in kawo karsana har ruga. Ya yi murmushi ya cire hannuna a hankali. Ya ce ya riga ya tashi rugar, igiyar ɗaure maruƙa ma ya ba maƙwabci. Sannan ya ɗaga kai ya dubi rufin shagon ya ce, “Allah ya yi wa kasuwa albarka, ɗana. Da mahaifinka yana raye da ya yi farin ciki.” Ba da gatse ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Na bi shi har tasha, na ga ya hau bayan babbar mota ya zauna kan buhuna, ya ɗora sandar kiwonsa a cinya.

A makon na sayi karsana, da farashin da na yi ta gudu, kuma ban ji komai a jikina ba. Ashe tun tuni ina da halin saye. Na aika da direbobi su gaya masa tana jiransa. Amsa ta dawo cewa ya gode, in ginin ya ƙare zai zo. Na sake aikawa, na je da kaina ma sau ɗaya, na same shi zaune a bakin tulin bulo da siminti, yana tari, mutumin da duk rayuwarsa bai kwana nesa da numfashin shanu ba. Ya ce ya karɓi amanar mai gini, ba zai bar ta a tsakiya ba. Kafin a yi girbi saƙo ya zo cewa ciwon ƙirji ya kwantar da shi kwana kaɗan, Allah ya karɓi abinsa. Aka binne shi a can, cikin mutanen da ba su san ya taɓa mallakar garke ba. Na nemi 'ya'yansa na ce ga karsanar mahaifinsu, su zo su karɓa. Babban ya ce in sayar in yi masa sadaka da kuɗin, su kam sun bar daji. Har yau babu wanda ya koma kiwo a zuriyar.

Sana'ar fata ta riƙe ni har tsufa. Da ita na sauke farali na kai Inna, da ita na sayi gonar da ta fi wadda na sayar, da ita yarana suka yi karatu. In matasa suka zo wurina jarinsu ya karye, nakan gaya musu kada su yanke ƙauna, domin ni abin da na ɗauko zan zubar ne ya tashe ni, kuma gaskiya ce. Amma yawanci nan nake tsayawa, ba na ƙarasa musu labarin. Shi ya sa na rubuto muku. Duk wanda Allah ya buɗe wa hanya bayan ya faɗi, ya waiwaya ya duba wa ya ɗauko masa ita a ka. Sau da yawa mutumin nan yana kusa, shi ma ya faɗi, kuma irin waɗanda ba sa roƙo ne. Kada ku ce sai kasuwa ta ƙara juyawa, kada ku ce sai kun iya yin babba. Ƙaramin da za ku iya yau shi ake bukata, domin mai filako ba ya faɗa sau biyu.

Tun daga lokacin ban bar shekara ta wuce ban ba wani makiyayi karsana habbanaye ba, wasu sun tayar da garke da ita, suna yi mini addu'a. Ina karɓar addu'ar, amma na san wadda aka tambaye ni ban bayar ba. Jan ƙirgin nan kuwa bai bi mota zuwa Kano ba. Yana ɗakina, gashinsa ya kusa ƙarewa, jikokina suna tambayar me ya sa tsoho yake ajiye da fata mai kunne. In damina ta sauka na bi hanyar Babban Mutum na ga fadama ta yi kore, sai in sa direba ya rage gudu, in yi wa Baffa addu'a. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya taya ni da tasa.